Kafin a Sauke Kalmasa

Zuwa ga ɗan kawuna, Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, tarin da aka ce kana fama da shi ya sake ka. Mu nan ƙalau muke, sai sanyi da ya sa maigidana yake tafiya a takure kamar kazar da ruwa ya doka.

Kwantar da hankalinka, amanarka ta iso. Ranar Talata ma'aikaciyar hukumar agaji ta miƙo mini 'yarka a filin jirgi, da kati rataye a wuyanta. Shekara goma sha ɗaya rabona da ku, amma ina hango goshin nan na ce wannan tamu ce, goshin gidan Kawu ba ya ɓuya. Na ce, "Maɓalli ce?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce Rediyo?" Allah ya isa, Tela! Duk sunayen da nake da su, wannan ka ga damar koya wa yarinya 'yar shekara takwas? Na ce ta riƙa ce mini Gwaggo, in ba haka ba in mayar da ita inda ta fito. Sai ta ce, "Yaushe?"

A hawa na huɗu muke. Na ba ta ɗakin da samarina suka tashi a ciki, tunda duk sun kama gabansu. Tagar tana kallon tashar bas, kuma nan take wuni, tana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Ban tambaye ta wa take nema ba.

Sai zancen shuɗiyar rigar nan da ka ɗinka mata. Ɗinki ya yi kyau, ba zan hana ka yabonka ba, ko da yake kalmasar da ka yi wa ƙasanta ta fi tafin hannuna faɗi, kamar yadin a hanya ka tsince shi. Amma ta ƙi cire ta. In zan wanke, sai ta lulluɓa da bargo ta zauna gaban injin wanki tana kallon rigar tana juyawa, har ta bushe ta mayar.

Na sa ta a makarantar unguwa. Suna da ajin safe na yaran da suka zo daga wasu ƙasashe, inda ake koya musu yaren gari kafin su shiga cikin sauran. Malamar doguwa ce, amma in za ta yi wa yaro magana sai ta durƙusa su yi daidai. Kowane baƙon yaro ana haɗa shi da ɗan gari guda ya riƙa nuna masa hanya. Ita an haɗa ta da wata mai giɓi, mai surutu har ta fi ni, ka ga ta faɗa hannu nagari.

Ina labarin takardunka? Ka rubuto, kar ka yi mini halinka na shiru.

'Yar gwaggonka,
wadda kuke kira Rediyo.

*

Zuwa ga Rediyo,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Takardarki ta zo cikin jakar motar agaji, kwana ashirin da shida bayan kin rubuta ta. Motar sau ɗaya take zuwa a wata, waya kuwa ba ta kamawa a sansanin nan, sai mu yi haƙuri da alƙalami. Tarin ya yi sauƙi. Ki gaida maigidanki direba, ki ce ina taya shi haƙurin zama da ke.

Na karanta inda kika ce ta iso har sau nawa ban sani ba. Allah ya saka miki. Abin da kika yi, ko uwa ɗaya uba ɗaya muke sai haka.

Na samu keken ɗinki a ofishin sansani, tsoho ne, ƙafarsa a ɗaure da waya. Ina facin tantuna, ina rage wa mutane kayan da ake rabawa, don duk wanda aka ba wando sai ka ga mutum biyu za su shiga. Aikin yana cinye mini rana, na gode Allah. Amma har yau in na yanka yadi ƙyalle ya faɗi, sai in tura shi da ƙafa ƙarƙashin tebur, don nan Maɓalli take zama tana tarawa. Sun taru da yawa, babu mai ɗauka. Ina kewarta, Rediyo, irin kewar da ban san akwai ta ba. Ko lokacin da muka rufe uwarta a hanya, ina da hannun da zan riƙe.

Zancen riga, ki ƙyale ta. Zanen uwarta ne, shi kaɗai ya fito tare da mu daga gida. Kwana uku na yi a kansa kafin ta tashi. In ta gaji da ita za ta cire da kanta.

Takarduna sun ce saura wata uku. Nata sun fita da wuri ne saboda ke kika tsaya mata, kuma yarinya ce. Ni kuwa sai sun tabbatar ni ne ni, tunda shaidata ta ƙone tare da shago. Ki gaya mata ina nan tafe, ta ci abinci, ta ji maganar Malama.

Ɗan kawunki,
Tela.

*

Tela,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai ƙafata ta hagu da tsayuwar ɗakin wanki ke taɓawa. Ka san aikina, zannuwan gadon gidan tsofaffi ba sa ƙarewa. Na ji daɗi da tari ya sake ka.

Yau ba wasa na zo yi ba. Wata huɗu ke nan, kuma 'yarka ba ta furta kalma ɗaya da yaren garin nan ba. Ba don ba ta ji ba ne. Malama ta kira ni, ta nuna mini littafinta, komai daidai take rubutawa, har ta wuce waɗanda suka riga ta zuwa. Amma in aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Yaran da suka zo tare da ita duk an mayar da su babban aji, ita tana nan.

Mai Giɓi ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah. Kullum sai ta ja hannunta zuwa filin wasa, ita kuwa ta tsaya jikin ƙofar makaranta kamar mai gadi. Ranar motsa jiki kowa da gajeren wando da riga mai laushi, ita tana gefe cikin shuɗiyar nan. Rigar ta koɗe, Tela, gwiwar hannun ta fara ɓulewa, kuma ta ɗage har gwiwa. Yara ba su da kara, sun fara toshe hanci in ta wuce, alhali ni da aikina wanki ne na san fes take. Na sayo mata kaya kala uku irin na sa'o'inta, suna nan a leda ko buɗewa ba ta yi ba.

Na ce to bari ko kalmasar in sauke mata ta ƙara tsawo. Ina ɗauko almakashi yarinyar nan ta ƙwalla ƙara, har maƙwabciyarmu ta buga ƙofa. Ta shige bayan kujera ta ƙanƙame ƙasan rigar da hannu biyu. Na ajiye almakashin.

Malama ta ce yaro ba ya shiga sabon wuri sai wanda ya fi yarda da shi ya ba shi izini. Ni dai na sa hannu a takardun makaranta a gurbin iyaye, Malama ma "mamanta" take ce mini, amma maganata ba ta kai taka ba. Ka rubuto mata da kanka, ka ce ta cire rigar nan ta shiga cikin yara. Ka kuma daina cewa in gaya mata kana tafe, wata ukun sun wuce, ni nake ganin fuskarta a taga.

Rediyo.

*

Zuwa ga 'yar gwaggona,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau.

Na ga takardarki, na kuma gane abin da ke ciki. Ashe rigar da na ɗinka ta zama abin kunya a hawa na huɗu. To ki yi haƙuri, mu mutanen tanti abin da muke da shi ke nan. Na gaya miki zanen wace ce, duk da haka kika ɗauko masa almakashi. Da ni ne a wurin, ni ma ihun zan yi.

Kin sa hannu a gurbin iyaye, ana ce miki mamanta, yanzu kuma in daina cewa ina tafe. Saura me? In rubuto in ce ta manta da ni da uwarta, ta zama 'yar gari? Aro na ba ki, ban ba ki kyauta ba. Shekara goma sha ɗaya a can sun sa kin manta yadda mutum yake ji in an raba shi da komai. Ita ba ta manta ba, shi ya sa take riƙe da abin da take riƙe da shi.

Ba zan rubuta abin da kika ce ba. Ki gaya mata ina tafe.

Tela.

*

Tela,

Ina fatan kana lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin da ya faru ba na jira ba ne. Kar ka tsorata, tana nan da ranta, tana zaune kusa da ni ma yanzu.

Shekaranjiya aka kira ni daga wurin aiki, wai Maɓalli ta faɗi a filin makaranta. Na tarar da ita a ɗakin nas, an ba ta ruwan sukari. Nas ta ɗora ta a sikeli, nauyinta bai kai na ranar da ta zo ba. Ashe abincin ranar da nake zuba mata, Mai Giɓi take tura wa. A gida kuwa tsakura take yi, ni da wautata na ɗauka girkina ne bai yi mata ba. Da nas ta tsayar da ita jikin bango za ta auna tsawonta, sai ta ce mini, "Dubi ƙafafunta." Na duba, yarinyar nan ta lanƙwasa gwiwoyi a cikin riga don kar ta kai inda ta kai.

Da muka fito ban hau bas ba. Na zaunar da ita a bencin tasha, rana tsaka, na ce ba inda za mu sai ta gaya mini. Bas uku suka wuce mu. Can ta ce, "Baba ya ce kafin a sauke kalmasar rigar nan ya iso." Na ce, to? Ta ce, "In na yi tsawo za a sauke. In aka sauke bai zo ba, shi ke nan ba zai zo ba."

Ka ji, Tela. Wata biyar yarinya tana hana kanta girma don ta riƙe maka alkawarinka. Shiga cikin yara ma da take ƙi, ta ce in ta saba da nan za ka ga kamar ba ta jiranka. Na rungume ta muka yi ta kuka a tasha, mutane suna ratse mu.

Na san ba da mugunta ka faɗa ba. Irin maganarku ce ta teloli, ku da "gobe" ba ta ƙare muku a baki. Amma ita ba mai kawo ɗinki ba ce da za ta yi tsaki ta tafi ta dawo. Bakinka ya ɗaura, bakinka ne zai kwance.

Ƙari: ban rufe ambulan ba sai ga taka ta iso. Na karanta. Aro ka ba ni? To sannu, mai kaya. Ni ma da jaka ɗaya na sauka a garin nan, na yi shekara biyu ina nuna burodi da yatsa a kanti kamar bebiya, babu wanda ya durƙusa ya yi mini magana. Ban manta komai ba. Ba na son 'yarka ta zama tawa, so nake ka zo ka tarar da ita a tsaye. Na ji zafin maganarka ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Rediyo.

*

Tela,

Gaisuwa. Mota biyu ke nan babu takardarka. In fushi ne, ka yi da ni, ka rubuto wa yarinya. In ciwo ne, ka sa wani ya rubuto. Na je ofishin hukuma sun ce sunanka yana nan cikin masu rai, iyakar abin da suka iya gaya mini ke nan.

Tana cin rabin abin da na zuba, bisa sharaɗin ba zan taɓa rigar ba. Malama ta daina matsa mata, ta dai ajiye mata kujera a babban aji kusa da Mai Giɓi, ta ce ranar da ta ga dama ta zauna. Kullum in na dawo aiki sai ta kalli hannuna kafin ta kalli fuskata.

Don girman Allah ka ce wani abu.

Rediyo.

*

Zuwa ga Rediyo, 'yar gwaggona,

Sallama. Ina da rai, ina da lafiya, kunya ce ta riƙe mini hannu. Ki yafe mini abin da na rubuta. Na jefe ki da magana alhali ke kike ɗauke da kayana.

Ranar da takardarki ta faɗuwarta ta zo, a ranar aka kira ni ofis aka ce an mayar da maganata baya. Sai an sake tantancewa, shekara ɗaya, wataƙila fiye. Na fito da takardu biyu a aljihu na zauna gaban keke, har aka tashi ban taka shi ba. Wallahi na manta na faɗi maganar nan. Tana tsaye a kan kujera ina kafa allurai a ƙasan rigar, tana tambayata yaushe zan biyo ta, na faɗi abin da ya zo bakina don ta tsaya cik in gama. Na yi ta fara rubutu ina yagawa. Mota ta zo ta tafi sau biyu ina kallonta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi na rubuta. Ki karanta mata yadda yake, kar ki gyara mini.

Maɓallina,

Babanki ne. Na yi kuskuren awo. Na ce zan iso kafin a sauke kalmasa, to ba zan iso ba. Ba laifinki ba ne, ba kuma tsawonki ne ya hana ni ba. Mutanen ofis ne ba su gama da takarduna ba, kuma ban san ranar da za su gama ba. Ba zan ƙara sa miki rana ba sai na riƙe tikiti a hannuna. Zuwa dai ina nan a kan niyyata, ko kin kai tsawon ƙofa.

Kin san abin da ya sa tela yake yin kalmasa babba? Don yana so mai rigar ta girma. Wanda ba ya so, daidai yake yankewa. Ki sauke ta. Ki fara daga ɗinkin gefe na hagu, nan na ƙulle zaren. Ki yanke ƙullin kawai ki ja a hankali, zai biyo ki. Za ki ga layi a inda ninkin yake, kuma abin da ya sauko zai fi sauran duhu don bai sha wanki da rana ba. Guga ba ta fitar da shi, kar ki damu.

Ki ci abinci ki ƙoshi. Ki sa kayan da Gwaggo ta saya. Ki yi magana da yarensu, ki yi wasa, ki yi ƙawaye, na ba ki izini. In na zo ban san hanya ba, wa zai tambaya mini in ba ke ba? In kin yi fushi da ni, kin yi daidai.

Babanki.

*

Tela,

Gaisuwa da yawa, na yafe, amma ka sani ina ajiye da maganar aron nan, sai ka zo na rama. Muna lafiya. Na yi jinkirin amsa ne don in ga inda abin zai tsaya.

Na karanta mata ranar Asabar da safe, ban gyara ko harafi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe Baba yana ƙarya." Ta shiga ɗaki ta ja labulen tagar nan, abin da ba ta taɓa yi ba. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe maciji mun fasa tulu.

Ranar Laraba babban aji suke aikin hannu. Malama ta ce tana raba ƙyallaye da allurai, sai ga Maɓalli ta shigo ta zauna a kujerar da aka ajiye mata. Mai Giɓi tana ta kokawa da zare, ta lasa, ta lumshe ido ɗaya, ya ƙi shiga. 'Yarka ta fizge allurar ta ce mata, da yarensu, tiryan-tiryan, "Ba haka ake yi ba, kawo." Kalmarta ta farko da yaren garin nan faɗa ce, ka ga jininmu bai ɓata ba. Kafin a tashi yara sun yi layi a gabanta kowa da allurarsa, har da waɗanda suke toshe hanci. Malama tana ba ni labari tana share ido.

Da Maɓalli ta dawo ta zo da Mai Giɓi har gida. Ta sa ɗaya daga cikin kayan leda, suka shimfiɗa shuɗiyar a teburin cin abinci. Ban sa hannu ba, reza kawai na miƙa. Ta nemo ƙullin a gefen hagu, ta yanke, ta ja, zaren ya biyo ta har ƙarshe bai tsinke ba. A nan ne ta yi kukan, tana naɗe zaren a yatsa. Mai Giɓi ba ta san dalili ba, ta taya ta.

Ta sa rigar sau huɗu bayan nan. Yau wata biyu, tana ci kamar gara, kafaɗar ta matse ta, hannun ya tsaya a rabin damtse. Ita da kanta ta ninke ta ta sa a akwati. An mayar da ita babban aji gaba ɗaya. Yanzu in sun taso sai na leƙa ta taga na kira ta sau uku kafin ta bar wasa ta hau. Wani lokaci tana ba ni labari sai kalma ta ɓace mata ta cike da yarensu. Ina gyara mata, amma gara ka sani tun yanzu.

Na ce ta rubuto maka, ta ce ba ta gama fushi ba. Sai jiya ta miƙo mini 'yar takardar da ke cikin ambulan ɗin nan. Awon jikinta ne a ciki, ita da Mai Giɓi suka yi shi da tef ɗina. Ta ce in ce maka irin rigar Mai Giɓi take so, ga zanen nan ta yi a baya.

Rediyo.

*

Zuwa ga Rediyo,

Sallama da godiya. Ina lafiya, aiki yana tafiya, ba sabon labari daga ofis. Ki gaida direba, ki gaida Malama, ki ce wani tela a nesa yana yi mata addu'a. Mai Giɓi kuma ki saya mata alewa da sunana.

Na ga 'yar takardar. Kalmomin da ta rubuta a gefe da yarensu ne, ban iya karanta ko ɗaya ba. Akwai mai fassara a ofis, amma ban kai masa ba, ban so wani ya shiga tsakanina da rubutunta. Lambobin sun ishe ni. Shekara talatin ina wannan aiki, na san wanne ne kafaɗa, wanne ne hannu, wanne ne tsawo.

Na ɗauki tef na auna tsawon nata a jikin sandar tanti, na sa alli, na tsaya kusa. Ta kawo mini aljihun gaba, Rediyo. Ranar da ta tafi saura yatsu huɗu kanta ya kai nan. Duk wannan tsakanin an yi shi ban gani ba. Na yi murna, Allah ya sani, na kuma daɗe a tsaye jikin sandar nan har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Zanen rigar na duba shi. Ban taɓa ɗinka irinta ba, da hula a wuya da aljihu ɗaya babba a ciki, amma zan iya. Zan ƙara yatsu uku a kan awon, don kafin mota ta kai ta ƙara. Ki ce mata ta yi fushinta a hankali, ba na sauri. Kalmomin da suke ɓace mata ki ci gaba da tsinto mata su, ta rage waɗanda za ta gaishe ni da su.

Abu ɗaya ya hana ni yanka yadi. Ba ta faɗi launi ba. Da can ba sai na tambaya ba, ina shiga kasuwa na san wanda za ta nuna. Ki tambayar mini ita wanne take so yanzu, don ni ban sani ba.

Ɗan kawunki,
Tela.